Saura sati bakwai na yi gudun fanfalaki a Kigali, ga shi Kano ba tudu

Sadiku_Gwale:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu gudu. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa.

Wurin aikinmu za su tura ni taro Kigali, babban birnin Ruwanda, a watan Yuni, sai aka yi dace ranar Lahadin jajibirin taron ita ce ranar gudun fanfalakin zaman lafiya da ake yi a birnin tun 2005. Da na ga haka ban yi wata-wata ba na yi rajistar cikakken zango, kilomita 42 da mita 195. Daga yau saura sati bakwai.

Ga inda nake. Shekarata 38, nauyina kilo 74. Na taɓa yin na Legas shekara biyu da suka wuce, na gama a awa huɗu da minti arba'in. To amma duk wanda ya yi Legas a lokacin ya san hanyar: daga filin wasa na Surulere a hau gadar Third Mainland, a miƙa har Eko Atlantic, kusan duk shimfiɗa ce, abin da ke galabaitar da mutum zafi ne da gumin bakin teku. Tun daga nan ban daina gudu ba, sai dai na rage. Yanzu ina fita sau huɗu a sati, jimilla kamar kilomita 35. Mafi tsawon da na yi a 'yan watannin nan kilomita 18 ne, kuma na dawo gida da sauran ƙarfina.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne bidiyon gasar tseren kekuna ta duniya da aka yi a Kigali a 2025. Na zauna na kalli titunan garin sosai, daga an gama hawa sai gangare, daga an gama gangare sai wani hawan. Ni kuwa hanyata ta kullum daga Gwale ce zuwa titin BUK na dawo, in ban da kwalbati babu abin da ƙafata take hawa. Ga shi kuma an ce garin yana sama da mita 1,500 daga teku, mu Kano ko 500 ba mu cika ba. Ga zafin bazara, rana tana ɗagawa kaɗan gari ya ɗau wuta, da azahar ma'auni yana haura 40.

Tambayoyina: a ina mutumin Kano zai samo tudun da zai yi atisaye, matakalar Dutsen Dala za ta wadatar ko gadar sama ta fi? Dogon gudun ƙarshen sati, kilomita nawa zan kai shi kafin na fara ragewa? Tsayin garin zai shafi numfashina har ya ɓata min lissafi? Sannan, tsakani da Allah, mai hankali zai yi wannan a sati bakwai?

Ina so na yi cikakken. Ba kullum ake samun wanda zai biya wa mutum kuɗin jirgi zuwa irin wannan wuri ba, kuma na daɗe ina burin na yi fanfalaki ɗaya a wajen Najeriya. Amma ina da iyali, ga kuma taron da aka tura ni dominsa zai fara washegari, ba na so na je na zama kaya.

Baba_Koci_Jos:

Wa alaikumus salam Malam Sadiku. Ni malamin wasanni ne a sakandare kafin na yi ritaya, kuma na daɗe tare da yaranmu masu dogon gudu a nan Filato, daga Jos har Pankshin. Bari na fara da abin da ba za ka so ji ba. Sati bakwai ba sa ƙara wa mutum wani ƙarfin a zo a gani. Zuciya da huhun da kake da su yau, da su za ka je Kigali, in an samu ƙari ɗan kaɗan ne. Abin da sati bakwai za su iya shi ne su koya wa cinyarka gangare, su maido maka da juriyar awa uku a kan ƙafa, su kai ka bakin layi ba ka ji ciwo ba. In ka nemi fiye da haka, rauni za ka samu.

Kowa hawa yake tsoro, ni kuwa gangare nake tsorar maka. Hawa yana da magani: ka gajarta taku, in ya yi tsanani ka taka da ƙafa, numfashi ya dawo. Gangare kuwa daɗi yake yi a farko, mutum ya saki jiki yana ganin ya samu garaɓasa. Alhali a gangare cinyarka ce birki, kowane taku ita ke tare nauyin jikinka gaba ɗaya. Wanda bai saba ba, zuwa kilomita 28 ko 30 sai gaban cinyar ya sandare, numfashinsa lafiya lau amma ƙafa ta ƙi ɗagawa. Na sha ganin haka ga baƙin da ke zuwa mana daga garuruwan da ba tudu. Yaranmu da ke yawan cin kyautar 'yan gida a tseren Legas da na Okpekpe a jihar Edo ba a hawa kaɗai suka fi mutane ba, saukowa suka iya, don tun suna ƙanana a kanta suke zuwa makaranta da gona.

Don haka matakalar Dala rabin aiki za ta yi maka. Tana gina ƙarfin hawa, ka je sau ɗaya a sati in ka samu hali, amma ba a koyon gudun gangare a kan matakala, kuma kada ka kuskura ka sauko ta da gudu. Abin da kake bukata shi ne hanya mai ɗan jingina wadda za ka hau cikin minti ɗaya zuwa biyu. Ka zaga wajen Goron Dutse ka duba. In gadar sama ce kawai ta samu, irin ta Ƙofar Nasarawa, to sai da sassafe kafin 'yan A Daidaita Sahu su fito, ka sa riga mai haske, ka riƙa fuskantar motoci, in ka ga babu gefen da za ka raɓe ka haƙura da ita. In akwai gidan motsa jiki mai injin gudu kusa da kai, a ɗaga maka shi kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari ka yi minti ashirin, wannan ma hawa ne, sai dai shi ma ba ya ba da gangare.

Ranar Talata ita ce ranar tudu. Ka ɗumama jiki da gudu a hankali na minti goma sha biyar. Ka hau da ƙarfin da za ka iya furta kalma uku ko huɗu, ba wanda zai sa ka haki kamar ranka zai fita ba. In ka kai sama ka juyo da gudu, kada ka tako. Taku gajere, da sauri-sauri, ƙafa tana sauka a ƙarƙashin jiki, kada ka jingina baya kana dukan ƙasa da dunduniya. Satin farko sau biyar, ka riƙa ƙara ɗaya ko biyu har ka kai goma a sati na biyar, daga nan ka tsaya. Alhamis da wata rana ɗaya gudu mai sauƙi, kilomita 7 zuwa 9. Kwana biyu hutu, na gaske.

Dogon gudu kuma ga yadda zan tsara maka: 21, sai 24, sai ka sauko 18 jiki ya huta, sai 28 a ƙarshen sati na huɗu. Wannan shi ne mafi tsawo, kuma zai faɗo saura sati uku a yi tseren. Bayansa 22, sai 15, sai Kigali. Na san za a ce maka dole sai ka taɓa 32. Wannan ga mai wata huɗu a hannu ne. Kai daga 18 ka taso, in ka matsa ka kai 32 a zafin Kano, tseren naka a titin BUK za ka bar shi. Kuma ko ba ka cika 28 ba, in ka yi awa uku da kwata a kan ƙafa ka tsaya.

Wannan na 28 ɗin, ka daure ka zo Jos ka yi shi. Muna kusan mita 1,200, safiyarmu da sanyi, kuma hanyar Lamingo zuwa gindin duwatsun Shere za ta ba ka hawa da gangare irin wanda kake nema. Shi ne ma'auninka. In ka gama shi kana iya taka bene washegari, ka je ka yi cikakken. In ka watse tun a 22, ka koma na rabin zango, mai kilomita 21, ba tare da jin kunya ba.

Ranar tsere ka manta da awa huɗu da arba'in. Ka sa a ranka awa biyar ko fiye, ka duba takardar rajistarka ka ga lokacin da suke rufe hanya. Kada ka bi agogo, ka bi numfashi: ƙarfin da kake sawa a shimfiɗa shi za ka sa a hawa, gudun ya ragu da kansa. Duk tudun da ka ga tafiya da ƙafa ta kusa kamo gudunka, ka taka abinka tun daga kilomita na biyar, ba sai ka gaji ba.

Abu_Hafsat:

Da izinin Baba Koci, ni ra'ayina ya bambanta. Malam Sadiku, ka koma na kilomita 21 tun yanzu, kada ka jira gwajin Jos.

Kilomita 35 a sati ba tushen cikakken fanfalaki ba ne ko a Legas, balle a garin duwatsu. Tsarin Baba mai kyau ne, amma ka duba abin da ake nema daga jikinka lokaci guda: ƙarin nisa, sabon tudu, sabon gangare, duka a lokacin da ya fi kowane zafi a Arewa. Abu ɗaya aka saba ƙara wa jiki a lokaci ɗaya, kai uku za ka ɗora masa. Kuma matsalar gwajin sati na huɗu ita ce, duk wanda ya biya kuɗin mota ya je Jos ya yi 28, ko da jan ƙafa ya gama, zai ce wa kansa ya ci jarrabawa. Mun san halinmu.

Da 18 ɗin da kake yi yanzu, sati bakwai sun ishe ka ka yi na rabin da kyau ƙwarai, ka yi gudu na gaske a kan tudun maimakon ka yi ta lallaɓawa awa biyar. Hanyar ta gari ɗaya ce, jama'ar su ne dai, lambar yabo za a rataya maka. Washegari kuma ka shiga ɗakin taro da ƙafarka kamar kowa. Wanda ya yi cikakken fanfalaki mai gangare ba shiri, kwana uku yana sauka bene da baya yana riƙe da ƙarfe. Waɗanda suka tura ka aiki suka tura ka.

Fanfalaki ba ya ƙarewa. In rai ya kai, Fabrairu na nan, Legas na nan, ka shirya mata wata huɗu cikin sanyin hunturu.

Maman_Ilham:

Sannunku. Ni ma'aikaciyar fisiyo ce, wato sashen gashin ƙashi, a Abuja, ina kuma gudu, ko da yake ban wuce na rabi ba. Ba zan raba gardamar Baba da Abu Hafsat ba, kowannensu yana da hujja. Abin da zan ƙara na ɓangaren jiki ne, kuma ya shafe ka ko wanne ka zaɓa.

Kafin komai Malam, ka san rukunin jininka na sikila? Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, da yawa ba su sani ba sai an zo aure. Mai AS yana gudu lafiya, akwai manyan 'yan wasa masu shi. Amma in aka haɗa aiki mai tsanani da ƙishirwa da zafi da wuri mai tsayi, haɗarin lalacewar tsoka ya fi yawa a gare shi, kuma kai duk huɗun za ka haɗa, uku a Kano, ɗaya a Kigali. In AS ne kai, ka zauna da likita kafin ka ƙara ko kilomita ɗaya. A auna maka hawan jini ma, a shekara 38 ba a zato.

Maganar gangare da Baba ya yi haka take. Tsoka tana jin jiki sosai in tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyi, abin da gaban cinya ke yi ke nan a saukowa. Ciwon ba ya zuwa a ranar, sai bayan kwana ɗaya, ya fi tsanani a na biyu ko na uku. Abin farin ciki, jiki yana saurin koyon wannan. In ka yi atisayen gangare sau ɗaya ka warke, na biyu ba zai yi maka ciwo kamar na farko ba, kuma kariyar tana ɗaukar makonni. Shi ya sa ko da lokaci ya ƙure, wannan ɓangaren ana samunsa. Sai dai na farkon ya zama kaɗan, kuma kada ka sa shi kusa da dogon gudu.

A gida, sau biyu a sati, ka yi waɗannan bayan gudu mai sauƙi. Ka tsaya da ƙafa ɗaya a kan dakali ko matakala ta farko, ka sauke ɗayar ƙafar ƙasa a hankali kana ƙirga uku, dunduniya ta taɓa ƙasa ka koma sama, sau goma kowace ƙafa, zagaye uku. Ka lura gwiwa kada ta karkata ciki. Sai tsuguno a hankali. Sai ɗaga dunduniya a bakin matakala saboda sharaɓa da agara, don hawa su yake ci. Saura kwana goma a yi tsere ka daina duka.

Abin da ya fi damuna a tsarin gaggawa shi ne ƙashi da jijiya. Zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni, ƙashi da agara sai watanni. Mutum zai ji numfashinsa ya gyaru ya ƙara wuta, ƙwauri kuwa bai shirya ba. Ciwon da ya bazu a tsoka, wanda ke raguwa in jiki ya ɗumama, ba komai. Amma ciwon da za ka iya nunawa da yatsa ɗaya a kan ƙashin ƙwauri ko saman ƙafa, wanda ke ƙaruwa in ka ci gaba, ko ka kasa tsalle da ƙafa ɗaya saboda shi, wannan alamar ƙashi ya fara tsagewa ce. Ka tsaya a duba ka, maganar Kigali ta koma ta kallo. Haka in zazzaɓi ya kama ka, babu gudu sai ka warke sarai. In kuma bayan dogon gudu ka ga fitsari ya yi duhu sosai ga ciwon jiki mai tsanani, asibiti za ka nufa a ranar.

Don Allah kada ka sha maganin ciwon jiki irin ibuprofen ko diclofenac kafin gudu ko a cikinsa. Na san ana yi, ana ma raba wa juna a bakin layi. Jiki ba ruwa, ƙoda tana wahala, sannan a ƙara mata wannan.

Kan zafi: dogon gudun da zai kai awa uku, in ka fara bayan sallar asuba rana za ta same ka a hanya. Ka fita kafin kiran sallah ka yi awa ɗaya kusa da gida inda ka sani, ka yi sallah, ka ci gaba. Ka tanadi ruwa a hanya, ɗaya daga cikin gorunan ka haɗa shi da garin gishiri da sukari na kemis. Ka sha gwargwadon ƙishirwa, ɗura ruwa zalla fiye da kima shi ma yana da nasa haɗarin, yana tsinka gishirin jini. Ci kuwa, jiki yana son giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa in gudu ya wuce awa ɗaya da rabi. Dabino uku ko huɗu duk rabin awa sun kusa biya maka wannan. Ka fara gwadawa tun wannan satin, don cikinka ya saba. Zafin Kano ma yana da ɗan amfaninsa, wanda ya saba gudu a cikinsa ruwan jininsa yana ƙaruwa, in ya je wuri mai sanyi sai ya ji sauƙi.

Bazazzagi_a_Kigali:

Yaya Sadiku barka da shiri, Allah ya kawo ka lafiya. Karatu nake yi a nan, kuma ina fita gudu da safe, don haka bari na faɗa maka abin da ido ya gani.

Bidiyon bai yi maka ƙarya ba, amma ka kwantar da hankali kaɗan. Hawan da ka gani mai duwatsun daɓe a wajen Nyamirambo, wanda masu keke ke miƙewa tsaye a kansa, yana cikin mafi tsanani a garin. Manyan titunan wajen Remera, inda filin wasa na Amahoro yake, da Kimihurura da Kacyiru da Nyarutarama, kwalta ce mai kyau, hawansu ba ya da tsini sosai. Matsalarsu tsawo. Za ka yi kilomita ɗaya ko fiye kana hawa a hankali, ka sha kwana kana zaton an gama, ka tarar da saura. Don haka a kan abin da Baba Koci ya ce, in ka samu injin gudu ka fi ba dogon hawa mai sauƙi muhimmanci a kan gajere mai tsini. Shimfiɗar da za ka huta a kanta ce babu, ko kana sama ko kana ƙasa.

Tsayin garin ana jin sa, amma ba irin na Addis Ababa ba ne da ya haura mita 2,300. Kwanakin farko da na zo, bene hawa biyu sai na ji ina haki, barci ma bai yi nauyi ba, daga baya ya wuce. A gudu za ka ga saurin da ka saba yi cikin sauƙi yana neman ƙarin numfashi. In wurin aikinku za su yarda ka iso Alhamis maimakon Asabar, ka roƙa. Ba wai jiki zai gama sabawa a kwana uku ba ne, amma za ka huce gajiyar jirgi, ka yi barci, ka ɗan taka hanyar ka gan ta da idonka.

Yanayi zai yi maka daɗi. Yuni farkon rani ne a nan, da safe ma'auni yana wajen 15 ko 16, da rana 26 zuwa 28. Kai da ka fito daga bazarar Kano sanyi za ka ji a bakin layi, ka zo da tsohuwar riga mai dogon hannu da za ka iya cirewa. Wannan sanyin ne ke yaudarar baƙi su fita da wuta. Kuma ranar nan tana da kaifi ko iska na kaɗawa, wanda zai kai awa biyar a hanya ya sa hula.

Abinci ba matsala. Nyamirambo da Biryogo unguwannin Musulmi ne, akwai masallatai da gidajen abinci na halal, shinkafa, dankalin Turawa, taliya, dafaffiyar ayaba, duk akwai. Wake yana cikin kusan kowane faranti a nan, ka ɗaga masa ƙafa ranar Asabar. Dabinonka ka taho da shi daga Kano, amma kada ka ƙulla shi a leda, an hana leda a ƙasar tun 2008 kuma suna dubawa. Ka zo da katin rigakafin shawara. Agogonmu yana gaban na Najeriya da awa ɗaya, ka gyara ƙararrawar wayarka tun a filin jirgi. Ranar tsere ana rufe tituna da wuri, gara ka kama masauki a Remera inda za ka taka da ƙafa zuwa wurin farawa.

Sadiku_Gwale:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Hajiya Maman Ilham, ni AA ne, an yi mana gwajin kafin aure, hawan jini kuma zan je a auna gobe in sha Allah. Malam Abu Hafsat, maganarka ta shige ni, musamman ta cewa mutum zai ba kansa maki a Jos ko bai ci ba. Don haka zan rubuta sharaɗin a nan kowa ya gani: in na taka da ƙafa a shimfiɗa kafin kilomita 25 saboda gajiya, ko wani ƙashi ya yi min ciwo, ko ranar Litinin na kasa sauka bene daidai, zan rubuta wa masu shirya tseren su mayar da ni na rabi. In ba haka ba zan yi cikakken a kan awa biyar da 'yan kai. Ƙanena na Kigali, zan nemi a ba ni jirgin Alhamis.

Saura abu biyu Baba. Babbar Sallah za ta faɗo cikin makonnin nan, ina azumin Arfa, ga hidimar layya, ya zan yi da atisayen satin? Sannan takalmina ya fara cinyewa ta dunduniya, na sayi sabo ko na lallaɓa da shi?

Baba_Koci_Jos:

Sharaɗin ya yi, na shaida.

Ranar Arfa hutu ce, ka mayar da ita ɗaya daga cikin ranakun hutunka biyu. Ranar Sallah tsayuwar fiɗa da rabon nama da zaga 'yan'uwa sun ishi ƙafa, kada ka ƙara mata komai. Dogon gudun satin ka matsar da shi kwana biyu bayan azumin, ka tabbata ka mayar da ruwan jikinka, kuma daren da za ka yi shi tuwo ko shinkafa za ka ci, soyayyen nama ya jira ka dawo. In gudu ɗaya ya kuɓuce maka a satin, ya tafi ke nan, ba a ramuwa.

Takalmi ka saya cikin satin nan, kada ka kai sati na uku. Irin wanda ƙafarka ta saba da shi, ba sabon salo ba. Ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi tseren da ita, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin, don a gangare ƙafa gaba take zamewa, nan ne farce ke mutuwa. Ka fara sa shi a gajerun gudu, sannan na 24, sannan na Jos. Ka yanke farce saura kwana huɗu ko biyar, ba daren tsere ba.

In za ka taho ka shigo ranar Juma'a ka kwana. Ka turo min saƙo ta akwatin sirri tun ranar Laraba, zan samo yaro mai babur ya bi ka da ruwa, mu haɗu a mahaɗar Lamingo ƙarfe shida saura kwata.